Akwatunan da Ke Jiran Ƙaddamarwa

Sana'ata ta fari gyaran rediyo ce. Ina da ɗan tebur a gefen Terminus a tsakiyar Jos, jikin katangar kasuwar nan da ta ƙone, kuma a wurin ne mutane suka laƙaba mini injiniya, ni da ban taɓa shiga jami'a ba sai dai in wuce ta ƙofarta a cikin mota. Da waya ta shiga hannun kowa, rediyo ya kama hanyar mutuwa, ni ma na bi bayansa. Mutum zai kawo maka nasa, ka gaya masa abin da ya lalace, ya ce ka ajiye yana zuwa, shi ke nan kun rabu. Tebur ya cika da rediyoyin da masu su suka manta da su, na fara kwasowa gida, har matata ta ce tunda ni ke renonsu, ya kamata in yanka musu ragon suna.

Ana cikin haka wata Bayarabiya da kowa ke kira madam ta zo neman masu hannu a aikin dalma. Ta samu kwangilar haɗa akwatunan koyon kimiyya da fasaha da za a raba wa makarantu, tun daga firamare har ajin ƙarshe na sakandare. Ta kama wani gareji a Jos Jarawa, ta sa dogon benci a tsakiya, ta jera mu muna fuskantar juna. Ban yi wani dogon tunani ba na bi ta. Garejin yana da sanyi irin na garin nan, wanda ke shiga yatsu da safe, sai ka riƙe ƙarfen dalma kusa da tafinka ka ɗan ji ɗumi kafin ka iya kama waya. Kakana daga ƙasar Kano ya zo haƙar kuza, yana cikin waɗanda suka bar mana kududdufan nan na Naraguta. Ni kuma jikansa ga ni ina narka dalmar da aka yi da kuza, amma wadda aka ɗauro daga China cikin kwali. Abin da na gada daga gare shi bai wuce tanƙwararren baya ba.

Akwatunan launi uku ne. Kore na 'yan firamare, a ciki akwai ƙwan fitila da makunni da batir da maganaɗisu, da wayoyi masu baki kamar na kada. Duk wannan na san shi tun ina yaro, ido rufe nake jera su a cikin soso. Rawaya na ƙaramar sakandare ne, shi ne mai ɗan faifan sola da injin da ke juya farfela. Ja kuwa na babbar sakandare ne, kuma shi ne ya fi ƙarfina. Wata 'yar mota ce a ciki mai taya huɗu, da idanu biyu a gaba da take hango bango da su ta kauce. A bayanta akwai wani ɗan allo da bai fi tafin hannu ba, shi ne ƙwaƙwalwarta, sai kuma wata na'ura mai madannai da ɗalibi zai rubuta wa motar umarni. Madam ta nuna mana samfurinsa tun ranar farko. Na iya liƙa kowace waya a gurbinta, amma in sa abin ya ji magana, wannan ban iya ba, kuma ba ni da inda zan koya.

Wadda ke zaune tana fuskantata a bencin wata Kirista ce daga wajen Naraguta, muna ce mata sista. Aikinta naɗe akwati da leda, ta hura masa iska mai zafi da na'urar busar da gashi da madam ta aro daga shagon gyaran kai, leda ta kama jikinsa tsam yana ƙyalli. Idan gari ya ɗau zafi da rikici, ita ce ke kirana da asuba ta ce kar in bi ta hanya kaza, ni ma in ce mata kar ta bi ta kaza. A bakin ƙofa kuma akwai maigadi da ke laluben aljihunmu duk yamma. Har hulata yake sa in cire ya leƙa cikinta, kamar a can zan ɓoye mota mai taya huɗu.

Ina da 'ya, ita ce ta fari. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ba na faɗin sunanta, Uwata nake ce mata. Tun tana ƙarama ba a ajiye tocila kusa da ita. Kafin ka waiwaya ta kwance ta, ta jera kayan cikinta a kan tabarma, tana kallonsu kamar za su ba ta labari. Rediyoyin nan marasa iyaye da na tara a gida, ita ta gama da su ɗaya bayan ɗaya. Uwarta takan yi faɗa ta ce yarinya mace hannunta kullum ƙaurin ƙonanniyar waya yake, ni kuwa in yi kamar ina taya ta faɗan, alhali raina fari ƙal. Duk abin da na sani na koya mata, kuma ba a daɗe ba ta ƙure ni. Ranar da na ba ta labarin jan akwati, ko tuwonta ba ta ƙarasa ba.

"Baba, motar ita da kanta take ganin bango?"

"Da kanta, Uwata."

"To wa ke gaya mata ta juya?"

"Ɗalibi ne zai rubuta mata."

"Da wane yare?"

Na ce wannan kam sai malamansu. Sai na ƙara da maganar da ta zama mini ƙaya har yau: na ce ta kwantar da hankalinta, akwatin zai zo makarantarsu, da hannuna zan haɗa nata. Ba ƙarya na yi ba. Makarantar tana cikin waɗanda za a ba, na ji da kunnena daga bakin madam.

Sai dai tsarin da aka yi shi ne a fara daga ƙasa a hau sama. Shekarar da muka gama kore aka kai firamare, Uwata ta riga ta shiga ƙaramar sakandare. Ba ta damu ba, ta ce ai wannan wasan yara ne. Daga nan aiki ya tsaya, ana jiran sa hannun wani da ban taɓa gani ba, muka koma gida muka zauna har takalmina ya fara manta hanyar Jos Jarawa. Da aka dawo da mu muka yi rawaya, kafin a kai shi makarantu tana rubuta jarrabawar fita daga ƙaramar sakandare. Ta dai hango kwalayen ana sauke su daga mota ta tagar ɗakin jarrabawa. Ranar ta dawo tana dariya, ta ce akwatin nan tsoronta yake ji, kullum sai ta tashi daga aji yake shigowa. Na ce to wannan karon ba shi da wurin gudu, domin daga babbar sakandare babu wani aji a sama. Ta zaɓi ajin kimiyya saboda shi. Duk sanda muka bi ta Naraguta a mota, sai ta nuna mini ginin jami'a da haɓa, ta ce can za ta karɓo mini takardar injiniyan da ake kirana da shi a banza.

A nan ne zan yi bayanin abin da ya kashe mu, domin wanda bai san mu ba zai ɗauka rashin hankali ne. A ƙasar nan ba a fara amfani da abu sai an ƙaddamar da shi. Ko rijiya aka haƙa, jama'a za su zauna da ƙishirwa sai babban mutum ya zo ya yanke ƙyalle. A bikin ƙaddamar da akwatin rawaya, babban baƙo ya ƙi taɓa wanda aka shirya masa a kan tebur, ya miƙa hannu cikin tulin ya zaro wani da kansa, wai yana son ya ga gaskiya. Malamin da aka sa ya nuna ya rikice, ya kasa gane inda batir ke shiga, ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, gumi na zuba a cikin sanyin Jos, masu kyamara suna ɗauka. Madam ta dawo gareji idonta jawur. Don haka da muka fara ja, sai ta tsaya a kan benci ta ba da umarni.

"Malam, abeg, ka sa batir a ciki, ka haɗa shi gaba ɗaya. Kowane akwati, ka ji? Ba mu san wanne oga zai ɗauka ba. Yarinya zai danna kawai, mota ya tashi. Ba na son wannan kunya kuma."

Babu wanda ya yi musu, domin babu abin musu. An ce bikin nan da 'yan makonni ne, batir kuma ba ya komai a 'yan makonni. Muka loda wa kowace mota batirinta, muka gwada ta a kan benci ta ruga ta kauce wa kofin shayina, muka kashe, sista ta naɗe. Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya irin na lokacin ba. Kowace waya na liƙa sai in ce wataƙila wannan ce za ta faɗa hannun Uwata, sai in ƙara mata ɗigon dalma. Aka kwashe su aka kai makarantu tana ajin farko na babbar sakandare, aka kulle a ɗakin ajiya.

Daga nan aka shiga ɗaga rana. Da farko babban baƙon ya yi tafiya. Da ya dawo aka rasa makarantar da za a yi bikin a cikinta, domin a garin nan ba a zaɓen wuri da ka. In an sa shi a unguwar Musulmi, waɗancan za su ce an ware su, kuma wasu iyayen ba za su yarda 'ya'yansu su tsallako ba. In an kai shi can, namu ne za su ce haka. Da ƙyar aka tsayar da makarantar su Uwata, saboda tana kan iyaka, kowa na iya zuwa ya koma ta hanyarsa. Sai azumi ya shigo, aka ce ba a tara mutane a rana ba ruwa ba lemo. Bayan salla aka samu tashin hankali a wani gefen gari, aka sa dokar hana fita. Da ta lafa Kirsimeti ta matso. Bayan nan zaɓe, bayan zaɓe kuma aka canza babban baƙon gaba ɗaya, sabon ya ce sai an yi masa bayani daga farko. Kowane dalili in ka ɗauke shi shi kaɗai, yana da ma'ana. Ni dai abin da na sani damina biyu suka wuce a kan akwatunan nan.

Tun da aka tsayar da makarantarsu aka zaɓi Uwata a matsayin ɗalibar da za ta danna makunni a gaban baƙi, domin malamin kimiyyarsu ya san halinta. Aka ba ta jawabin Turanci ta haddace. Da yake ba a yarda a buɗe ko ɗaya ba, da dutsen gugar uwarta take gwaji a tsakar gida. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta rusuna, ta yi jawabi, ta ajiye shi a ƙasa ta danna masa kai, ƙannenta su yi tafi. Da farko abin dariya ne, har maƙwabta kan leƙo. Uwarta ta ɗinka mata sabon yunifom, aka goge aka rataye. Aka sake gogewa. Daga baya ya yi mata kaɗan a kafaɗa, aka warware aka ƙara masa ƙyalle. Ban san ranar da aka daina gwajin ba, na dai lura dutsen guga ya koma aikinsa.

A damina ta biyu na kasa haƙuri, na saka rigata ta Juma'a na tafi wurin shugaban makarantar. Dattijo ne mai sanyin magana, ya kusa ritaya, ya karɓe ni da mutunci.

"Yallaɓai, ni ne na haɗa akwatunan nan. Alfarma nake nema, a buɗe ko guda ɗaya ne yara su fara taɓawa. In ma ba za a ba su ba, a bar ni in cire batiran."

"Malam, ka san ledar da ke jikinsu?"

"Na san ta, a gabana aka naɗe."

"To ita ce shaidata. Ranar da manya suka zo suka ga an yage ko ɗaya, ba kai za a tambaya ba, ni za a ce na sayar da kayan ciki. Saura kaɗan in huta, ina da iyali. Ka kawo mini izini daga sama, ni da kaina zan ba ka reza."

Na so in ji haushinsa, amma ban samu inda zan kama ba. Ya ɗauko makulli ya kai ni in gani da idona cewa yana kula da amana. Ɗakin ajiyar ba shi da taga, bango ya sha ruwa har ya yi baƙi daga ƙasa. Akwatunan suna jere har rufi, jajaye, suna ƙyalli kamar kwanukan jeren da ba a cin abinci a ciki. Na shaƙi iskar ɗakin na ji wani tsami-tsami da duk mai gyaran rediyo ya sani. Warin batir ne da ya fara zuba. Na koma na gaya wa madam, ta buga waya a gabana, aka ce mata oga yana taro, a kira wani satin. Ta kira wani satin. Ni ma na daina tambayarta, saboda na ga yadda fuskarta ke canzawa in na doso.

Uwata tana zangon ƙarshe na ajin ƙarshe aka tsayar da rana ta gaske, har aka kafa rumfuna. Ana gobe biki, da hantsi, madam ta samo izini ta tura ni da sista mu duba kayan. Shugaban makaranta ya miƙo mini reza kamar yadda ya yi alkawari. Na tsaga leda na ɗaga murfi. Batiran sun kumbura sun fashe, ruwansu ya bi wayoyi ya gangara kan allon ƙwaƙwalwar, ya bushe ya zama farin gari kamar kanwa, gefe-gefe kuma tsatsa kore. Na taɓa wata waya da na san ni na liƙa ta, ta gutsure a hannuna. Sista ta ce, "Yesu!" Ni kuma na yi salati. Muka buɗe na biyu, muka buɗe na sama, muka jawo na tsakiya, muka yi ta buɗewa, duk labarin ɗaya ne. Wanda ya fi dama a cikinsu fitilarsa ta yi ƙyaf sau ɗaya ta mutu.

Madam ta iso, ta duba, ta zauna a kan kwali ta ɗora hannu biyu a ka. Ba ta zagi kowa ba. Can ta ɗago ta ce akwai samfurin nan da ke gareji, wanda ba a taɓa barin batir a cikinsa ba, shi za a kawo a ɗora a kan tebur. Waɗannan kuma a mayar da su yadda suke, bayan biki za ta rubuta a sake kawo kayan ciki. Na ce in baƙon ya miƙa hannu cikin tuli fa? Sista ce ta ce a zagaye tulin da ƙyallen ado a ɗaure tamau, babu babban mutumin da zai tsaya kwance ƙulli a gaban jama'a. Haka muka wuni, ni ina rufe murfi a kan ruɓaɓɓun motoci, ita tana hura musu leda, har suka koma sababbi fil. Wallahi ban taɓa jin ƙyamar hannuna ba sai a wunin nan.

Da na koma gida na tarar an fito da yunifom ana gogewa, Uwata tana bitar jawabinta a bakin murhu, muryarta ta dawo irin ta da. Na ja uwarta gefe na gaya mata. Ta ce, "Malam, ka bar ta ta yi bikinta. In ka gaya mata yanzu me za ta yi da shi?" Na bar ta.

Bikin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Liman ya buɗe da addu'a, aka ajiye fasto don rufewa. Babban baƙo ya makara har hadari ya fara haɗuwa ta bayan duwatsu, yara suka yi ta rera waƙar maraba har muryoyinsu suka dishe. Aka yi jawabai, kowa ya ce yaran nan su ne gobenmu. Sannan aka kira Uwata. Ta fito da yunifom ɗinta mai ƙari a kafaɗa, ta rusuna, ta yi jawabinta ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta ajiye motar a kan dogon tebur ta danna. Motar ta tashi ta miƙe, ta doshi gorar ruwan da ke gaban babban baƙo, ta tsaya cak, ta juya ta kauce. Wuri ya ɗauki tafi. Ni ban kalli motar ba, na ga irin wannan a gareji har na gaji. Fuskar 'yata na kalla. Bakinta a buɗe, ta manta da baƙi, ta manta da kyamara, idonta na bin tayoyin nan. Babban baƙo ya ɗauki motar ya miƙa mata, aka ce ta ɗaga ta sama ta yi murmushi, aka ɗauki hoto.

Da aka tashi, manya suka nufi wurin abinci, ita kuwa ta tsuguna a gefen rumfa ta kifa motar a cinyarta. Tana bin wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi, ta jawo na'urar rubuta umarni tana neman inda ake kunna ta. Sai na ji an taɓa kafaɗata. Madam ce, ba ta iya kallon idona ba.

"Malam, sorry. Ka karɓo shi. Gobe akwai wani launching a wani gari, shi kaɗai ne muke da."

Direbanta ya riga ya buɗe bayan mota. Na tafi ina jan ƙafa, na tsaya a kan 'yata.

"Uwata, kawo."

"Baba, dubi nan, ashe idon ba gani yake ba, wani abu yake aikawa ya dawo masa. Bari in ga yadda ake rubuta mata."

"Kawo, Uwata. Wannan na madam ne, za a tafi da shi."

Ta ɗago tana murmushi, ta ɗauka wasa nake. "Ai na makarantarmu ne. To shi ke nan, a tafi da shi, tunda ga namu can. Gobe za a buɗe mana, ko?"

Na tsuguna a gabanta na gaya mata, a gajarce, domin ba ni da ƙarfin dogon bayani. Ta juya ta kalli tulin jajayen akwatunan da ƙyallen adonsu, ta daɗe tana kallo.

"Duka?"

"Duka."

"Kai ka rufe su haka?"

"Ni da sista."

Na shirya wa kuka, na shirya wa fushi, da ta yi ko ɗaya da na samu sauƙi. Ba ta yi ba. Ta kashe motar, ta naɗe wayar na'urar a hankali yadda na koya mata naɗe waya don kar ta karye, ta mayar da komai cikin sosonsa. Ta miƙe, ta rusuna, ta miƙo mini da hannu biyu kamar yadda ake miƙa wa uba ruwan sha. Ta ce, "Ga shi, Baba." Na karɓa na kai bayan mota, direba ya rufe.

Madam ta rubuta a sake kawo kayan cikin, na shaida ta rubuta. Amsar ce ba ta zo ba, domin a takarda an riga an ƙaddamar, abin da aka ƙaddamar kuma ya gama. Uwata ta rubuta jarrabawarta da abin da ta haddace daga allo. Ta nemi gurbi a jami'a ba ta samu ba. Na ce ta sake nema, ta ce to. Da shekara ta zagayo na tuna mata, sai ta ce, "Baba, a bari kawai," da wata murya mai laushi da ta hana ni ƙara ko kalma. Yanzu tana shagon ƙanwar uwarta a Terminus, tana auna atamfa da yadi. An ce tana da hannu a ciniki, ba ta faɗa da kowa. Kullum da safe takan durƙusa ta gaishe ni, ta kawo mini shayi, ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka.

Ina nan a garejin, an sake ba madam wata kwangilar, kuma ina da ƙananan yara da ke cin abinci. Kwanakin baya aka kawo wata ƙatuwar fosta daga ofishin da ke ba da aikin, aka ce a manna a bangon gareji saboda baƙi masu zuwa duba mu. Hoton ranar ne. Uwata ce ta ɗaga motar sama tana murmushi, jajayen akwatuna a bayanta, a ƙasa an rubuta da Turanci cewa ga injiniyoyin gobe. Duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa, a nuna ni a ce ga mahaifinta nan. Wani ma har ya kama hannuna ya girgiza, ya tambaye ni aji nawa take a jami'a yanzu. Na ce masa ana nan ana addu'a.

Inda aka manna fostar daidai yake da mazaunina, in na ɗago kai daga dalma ita nake fara gani. Na yi ƙoƙari na jure, na riƙa aiki kaina a sunkuye har wuyana ya riƙe. Wata safiya na iso na tsaya a bakin benci da jakata a hannu, na ce wa sista ko za ta yarda mu canza wurin zama. Ta dubi bangon da ke bayanta, ta dube ni. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta tattara ledarta da na'urar busar da gashi, ta zagayo.